Salkar Tasalla a Fakon Gishiri

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya yi wa kowace dabba riga daidai jikinta, ba ɗinki ba faci, ya ba ɗan Adam hannu biyu, ya sa musu ƙaiƙayin aiki. Bayan haka, ni ce Tasalla 'yar Mantau, mutuniyar garin Marmaza a ƙasar Tumbuzai, can inda wata biyu ke fitowa, ƙarami na bin babba kamar ɗan akuya da uwarsa. Zan ba ku labarin yadda dukanci, wato sana'ar ɗinkin fata, ya kama ni da furfurata, da irin nisan da ya kai ni.

Da na fita takabar maigidana sai na tarar ba ni da abin yi. Ɗana Sallau da matarsa mutanen kirki ne, kirkin nasu ma ya yi yawa. In na ɗauki taɓarya a karɓe, in na ɗauki tsintsiya a ce Iya ki huta. Na huta har hutun ya fara yi mini ciwo a gaɓoɓi. Ana nan wata rana gugan gidanmu ya yage a gindi, aka jefar da shi bayan rumbu. Na ɗauko shi don dai in sami abin riƙewa. Na samo guntun fatar wani tsohon takalmi, na jiƙa, na huhhuda da ƙusa, na ɗinke. Da aka jefa shi rijiya ya fito cike taf, sai na ji wani abu ya tsirga mini tun daga yatsu har ƙeya. Kashegari da ƙafata na je kasuwa na sayo basilla da askar yankan fata, na tsinto 'yan guntayen da dukawa ke zubarwa na ƙullo a gefen zane.

Daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Kowace wuƙa a gidan sai da na yi mata kube, har ta yankan kuɓewa. Na yi wa ludayi marataya. Na yi wa jakin maƙwabci ragama, ba shi ya roƙe ni ba, ba mai shi ba. In ana hira idona na kan takalman mutane, ina neman inda aka soma ɗinki da inda aka tufke. Akuya ta gifta, kowa na ganin nama, ni jaka nake gani. Sau nawa aka bar mini tukunya in duba, ta ƙone ƙurmus ina zaune dab da ita. Yatsuna suka zama rariya ban ko ji ba. Matar Sallau, baiwar Allah, ba ta ce mini komai ba, sai dai ta fara ɓoye buzun sallar mijinta.

To, zance ya kai kunnen Sarkin Dukawan Marmaza, wani mai suna Jatau. Ya zo da sallama, ya durƙusa ya gaishe ni don na girme shi, ya sha ruwa. Sannan ya ce a ƙasar Tumbuzai ba mai huda fata sai wanda aka haifa a gidan dukawa. Ya ce ba ƙiyayya ta kawo shi ba, rantsuwa ce ya gada. Ya shimfiɗa hannu, na zuba masa basillata da askata. Na ce masa da ya tafi da sauran haƙorana da ya fi mini sauƙi, su ba su da wani aiki yanzu. Ya yi 'yar dariya, ya ce akwai ƙofa ɗaya da aka bar wa bare. Mutum ya jeme fata da hannunsa, ya ɗinka salka, wato jakar ruwan matafiya, ya cika ta daga rijiyar garinsu, ya ƙetare Fakon Gishiri da ita har Birnin Ƙirgi, inda Uwar Dukawa take. A can za a zuba mata abin da ya rage.

"In ta haɗiye, Iya, kin zama tamu har kabari," in ji shi. "In ta tofar, ko aka rasa abin zubawa, ke da fata har abada. Ba a ƙara ruwan hanya a ciki, ba a kuma zuwa sau biyu."

Sallau ya roƙe ni in koma kaɗin auduga kamar sauran tsofaffi. Na gwada don in faranta masa. Mazari ya yi ta suɓucewa daga hannuna, zaren na tsinkewa, ni kuma ina zaune ina kallon bunsuruna yana cin shanyar mutane. Da na gaji na aika wa Jatau ya ara mini kayana na aikin salka ɗaya.

Bunsurun nan aka yanka, wani baƙi mai taurin kai. Na tsaya a kan mahauci kada ya tsaga ciki, ya zare fatar ta wuya kamar mai cire riga. Na jiƙa ta a ruwan toka har gashi ya saki, na karce, na wanke, na tsoma a ruwan bagaruwa ina juyawa safe da yamma har ta yi launin ƙasa. Na ɗinke ƙafafun, na cika ta da ruwa, na rataye a tsakar gida. Ba ta ɗiga ba. Jatau ya zo karɓar kaya, ya juya salkar gaba da baya, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya rufe. Al'ada ta hana shi gyara wa bare aiki.

Abokin tafiyata taubashina ne, Nomau, falke mai jakuna da ya saba ratsa Fakon da kayan gero. Tsoho ne kamar ni, yana jan ƙafa ɗaya. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba zagi a ciki ba. Da ya ji niyyata ya ce zai raka ni don ya ga inda zan faɗi, ya gaji zannuwana ya yi wa jakuna akumari. Na ce ya zo, dama jaki ɗaya nake nema in cike ayari. Ya ɗauro manyan salkunansa biyu, muka shirya a kan nasa za mu sha a hanya, tawa a bar ta a cike.

Fakon Gishiri fari ne fat, ba itace, ba tsuntsu, ƙasa na ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar ana taka ɓawon ƙwai. Duwatsun gishiri na tsaye nan da can kamar rumbuna, a inuwarsu ake ya da zango. Akwai wani wuri da iska in ta ratsa tsakanin duwatsun take kiran mutum da muryar uwarsa, mutane da yawa sun bi kiran ba su dawo ba. Nomau ya toshe wa jakuna kunne da tsumma, ya toshe nasa, ya ce ni ba sai an wahala ba, tun da nake ban taɓa amsa kiran kowa ba. Na kuwa ji Innata tana kirana, yadda takan yi in tuwo ya sauka. Na amsa mata a zuci, na riƙe wutsiyar jaki na ci gaba.

Wata rana da tsaka na shafa salkata sai na ji ta a jiƙe. Na bi ɗinki da yatsa, ba daga nan ba ne. Jikin ne gaba ɗaya ke tsattsafo kamar goshin mai daka. Na ce a raina jimata ba ta kama ba, ga ruwana na tafiya. Kunya ta hana ni tambayar Nomau, don na san in ya ji har mu mutu ba zai bar zancen ba. Na jira ya zaga bayan dutse, na ɗauko man shanun guzurinmu na mulke ta tas, har da lungunan ƙafa. Tsattsafo ya tsaya. Na ji daɗin dabarata, na mayar da ita na ɗaure tsakanin nasa biyu.

A zango na gaba yana sauke kaya ya ji hannunsa ya yi maiƙo. Ya sansana. Ya dafa tawa ya ji ta zafi kamar ruwan wankan jego.

"Tasalla, kin toshe mata numfashi," ya ce. "Gumin nan shi ke sanyaya ruwa. Wa ya ce miki ana yi wa salka gyaran amarya?"

Na ce laifinsa ne da bai gaya mini ba, ya ce shi ba ya amsa tambayar da ba a yi ba. Muka bar shi a kan in rana ta yi sanyi za mu kankare man. Muka kishingiɗa a inuwa, ni don haushi na rungume tawa a ƙirji kamar jaririya.

Ashe a Fakon akwai wasu gafiyoyi farare, kowace ta kai ɗan tunkiya. Tun haihuwarsu gishiri kaɗai suke ci, saboda haka ƙanshin mai daga nesa yake haukata su. Kukan jaki ya tashe mu. Mun tarar sun yanyame salkunan Nomau, inda man tawa ya goge a jikinsu, suna lasa suna gaigaya, ruwa na tsiyaya, gishiri na shanyewa. Wasu sun fara nufo ni suna shinshina. Nomau na ta kai duka da sanda, kamar yana dukan rairayi. Na lura ba mu suke so ba. Na yage gefen zanena, na dangwala a mai, na ƙulle ɗan dutse a ciki, na wurga iyakar ƙarfina. Suka bi shi rututu suna cizon juna, mu kuma muka kora jakuna ba waiwaye.

Da muka tsaya, Nomau ya ɗaga salkunansa ya hango rana ta cikinsu. Ya ninke su ya sa a kaya. Bai zage ni ba, wannan kuwa ya fi zagin ciwo. Na zauna na dirje tawa da garin gishiri har hannuna ya yi ja, sai da na ga guminta ya dawo. Jakunan ba su da damuwa, 'yan Fako ne, raɓar asuba suke lasa a jikin duwatsu ta ishe su. Mu ne dai, mutum biyu, a kan ruwan da zan kai wa Uwar Dukawa. Nomau ya ce mun wuce rabi, komawa ta fi ci gaba nisa. Muka sa wa kanmu doka, kurɓi da safe, kurɓi da rana, kurɓi da yamma. Ruwan ya yi sanyi kam, amma da ɗacin bagaruwa da hamamin mai.

Muna nan muna tafe har muka iso wani mashigi tsakanin tsaunuka biyu, ba hanya sai ta nan. A bakinsa wani ƙato ke zaune, ana ce masa Kaushi, a zaunen ma ya fi itacen kuka tsawo. Abin da na fara gani ƙafafunsa ne. Faso ya tsattsage su kamar kwazazzabai, gishiri ya cika ciki, jini na tsattsafowa. Duk ayarin da ya zo sai ya karɓi ruwansu ya zuba a ƙafa ya ɗan ji sanyi. Fatake sun san da shi, sukan zo masa da salka guda ta musamman. Ashe ɗaya daga cikin na Nomau tasa ce. Ya miƙo tafin hannu kamar faifai, idonsa a kan tawa.

A gefensa akwai ɗanyar fatar wani raƙumi da ya cinye da safen nan. Na dube ta, na dubi ƙafafun.

"Ɗana," na ce, "ruwan nan ko ɗan yatsanka ba zai jiƙa ba. Ka taɓa sa takalmi?"

Bai taɓa ba, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsa. Ya ce in yi masa, in bai ji daɗinsa ba zai karɓi ruwan ya haɗa da jaki guda. Nomau ya raɗa mini cewa ai an hana ni huda fata. Na ce Jatau ya zo nan ya hana ni. Na ari wuƙar Nomau da basillarsa ta ɗinkin buhu, na raba fatar biyu, na naɗe kowace ƙafa, gashi daga ciki, na ɗinke a jikinsa har idon sawu. Sannan na haɗa biyun da gajeriyar igiyar fata, na ce masa adon manya ne. Na ce ya miƙe su a rana su sha iska. Na san abin da ɗanyar fata ke yi a rana, don ta taɓa murƙushe mini wata ƙwarya da na naɗe. Ƙaton nan ya ji taushin gashi a kan ciwonsa, ya lumshe ido, kansa ya fara rinjaya. Muka sulale ta gefen cinyarsa.

Ba mu yi wani nisa ba fata ta bushe, ta ƙanƙance, ta damƙe shi. Ya farka ya yunƙura, ya faɗi, tsauni ya girgiza. Nomau ya ce mu ƙara sauri. Sai na ji kukan. Da ruri ya yi, da na tafi abina. Amma kuka ne irin na yaron da ya taka garwashi, yana kiran ƙafarsa, yana kiran uwarsa. Na tsaya. Nomau ya ce in na koma ba ruwansa, shi gaba zai yi. Yana faɗa yana juya jakuna, ya biyo ni da mita.

Na tsaya inda hannunsa ba zai kai ba, na sa shi ya rantse da nonon da ya sha cewa zai bar mu mu wuce da ruwanmu. Ya rantse yana shessheƙa. Fatar ta zama kamar itace, ta nutse cikin nama, wuƙa sai zamewa take. Ba yadda za a yi sai an jiƙa bakin ɗinkin. Na kwance bakin salka. Nomau ya juya baya don kada ya gani. Na riƙa ɗiɗɗigawa kaɗan-kaɗan, in jira ta yi laushi in yanka, in matsa gaba in sake, salkata na ramewa a hannuna ina gani. Da na gama na cusa masa sauran man shanun a cikin fason, na ce ya daina yi wa mutane fashi kamar wanda ba a haifa ba. Daga busasshiyar fatar na yanka masa takalmi shimfiɗaɗɗe, na sa maɗauri sakwa-sakwa, don wadda ta riga ta bushe ba ta da sauran matsi. Ya tashi ya taka, ya sake takawa, ya tsaya yana kallon ƙafafunsa kamar baƙi. Ba shi da ruwan da zai ba mu. Ya dai kwashe mu da jakunan a tafin hannu, ya ƙetare tsaunin da mu, ya sauke mu a hankali, ya ce mini sai wata rana, Kaka.

Daga nan ruwa ya koma ɗan abin da ke motsi a ƙasan salka. Na fara lura in Nomau ya kai bakinta bakinsa ya sauke, maƙogwaronsa ba ya motsi. Na yi masa magana, ya ce shi jinin raƙumi gare shi, ba irin nawa na kwaɗo ba. Na ƙyale shi, ban san abin ya kai haka ba.

Warin birnin ya riga birnin isowa. Warin jima ne, wanda kowa ke toshe wa hanci, ni kuwa kamar an turara mini ɗaki. Can muka hango jar ganuwa. A nan Nomau ya zame daga kan jaki ya zube. Leɓɓansa sun tsage, harshe ya kumbura, idanu sun faɗa. Ganuwa a Fako mayaudariya ce, kana ganinta kusa alhali da sauran tafiya mai yawa. Na girgiza salka, na ji abin da ke ciki, na san ko dai shi ko dai tsohuwar nan, Uwar Dukawa. Na ɗago kansa na ɗora a cinya, sai ya dafe bakinsa da hannu.

"Kai wa tsohuwar," ya ce da ƙyar. "In kin koma kaɗi, ni za ki dama da surutu."

"Buɗe bakinka, Nomau. Gawarka ta fi ƙarfin jaki, ni kuma ba zan iya haƙa gishiri ba."

Ya ƙi. Na toshe masa hanci yadda ake yi wa yaro ɗura, ya buɗe don dole, na juye masa duka, na matse ta har ta daina ɗiga. Da ya ɗan farfaɗo na tura shi kan jaki na ɗaure da igiya. Ban yi kuka ba, ba ruwan yinsa a jikina. Na dai ci gaba da tafiya don ba inda zan koma, ina tunanin mazari da tarin auduga.

Ganuwar Birnin Ƙirgi fatu ne aka ɗinka aka ɗame a kan itatuwa, in iska ta buge ta sai ta yi amo kamar tambari. Rafi biyu ke ratsa garin, ɗaya ja da rinin karan dafi, ɗaya baƙi ƙirin. Ƙofofinsu fata, rumfunansu fata, har randunansu. Da a wani hali nake da na wuni ina shafa bango. Masu tsaron ƙofa suka ba mu ruwa muka sha, amma suka ɗaure bakin salkata da jan zare kada a ƙara komai. Suka so kai Nomau ya kwanta, ya ƙi, ya ce bai sha wannan wuya don a kunyata ni a bayan idonsa ba.

Uwar Dukawa sunanta Dudu. 'Yar tsohuwa ce ƙanƙama kamar busasshiyar kuɓewa, hannayenta baƙi har gwiwa saboda rini. Tana zaune a kan buzu a gindin bagaruwa, dukawa kewaye da ita kowa da aikinsa, tana ta yi wa wani dattijo faɗa a kan linzamin da ya karkace. Aka gaya mata daga inda na fito. Ba ta dube ni ba, ta miƙo ƙoƙo. Na warware jan zaren, na kifa salka. Ko ɗigo. Na girgiza. Ko ɗigo. Ta janye ƙoƙon, ta ce a ba baƙuwa abinci, ta huta ta koma gida.

Ina tsaye da salkar a hannu kamar mai riƙe da mushe, sai yatsana ya taɓa bakin ƙafa ɗaya na ji shi da ɗan tauri. Ni na ɗinka, na san abin da ke wurin. Don tsoron yoyo na ninka bakin kowace ƙafa na ɗinka sau biyu, ashe tsakanin ninkin ya zama 'yar aljihu, ruwan da ya shiga ba ya komawa.

"Uwa," na ce, "a ara mini aska."

Aka yi gunaguni. Ta ɗago ta dube ni a karo na farko, ta ce a ba ni. Na ɗan tsaya. Salkar nan ce abu ɗaya da na yi da hannuna tun daga bunsuru har ƙarshe, in na farke ta kuwa ta tashi aiki. Na farke ƙafar farko a kan ƙoƙo, na murɗe ta kamar wanki. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya taru bai cika cokali ba, launinsa kamar jiƙon magani. Dattijon nan mai linzami ya ce wannan ai ba ruwa ba ne. Dudu ta tambaye ni ko daga rijiyarmu yake, na ce daga can yake. Ta ce ko an ƙara, na ce ragewa dai aka yi ta yi. Ta karɓa ta kurɓa.

Fuskarta ta yamutse kamar ta tauna maɗaci. Na kusa da ita suka janye ƙafafu suna jiran tofi. Ta riƙe shi a baki, idonta ya sauka kan salkar da ke farke a gabanta. Ta jawo ta. Ta juya cikin ɗinkin, ta ja ninkin, ta murza wuyan, ta shafa bayan ta sansana yatsa. Na ga jijiyar wuyanta ta tashi.

"Wace marar kan gado ce ta shafa wa salka man shanu?" ta ce. "Wa ya koya miki ninka ƙafa kamar ƙunshin daddawa? Dubi wuyan nan, ɗanye ne, kin tsame shi jima ba ta ratsa ba. Huji wani nan wani can kamar kaza ta yi tsattsaga. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa ƙazamin ruwa irin wannan a bakina ba."

Ta yi ta yi, ba ta bar ko taki ɗaya na fatar nan ba. Kowa ya ajiye aikinsa. Da ta tsaya shan numfashi sai muryar Nomau ta fito daga baya, a shaƙe.

"Ranki ya daɗe, to ina ruwan?"

Ta dubi ƙasar gabanta, a bushe take. Ta dubi ƙoƙo. Dattijon mai linzami ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, an haɗiye.

Har yau ban san ko faɗan ne ya ci ƙarfinta ba, ko da gangan ta yi. Na tambaye ta daga baya, ta ce in kula da abin da ke hannuna. A ranar dai cewa ta yi abin da ya wuce maƙogwaro ba ya dawowa. Ta zaro wata basilla daga ɗankwalinta, wadda ƙotarta ta yi sulɓi don daɗewa, ta jefo mini a cinya, ta matsa gefe a kan buzun.

"Zauna nan," ta ce. "Tunda kin shigo, ba zan bari ki koma ki zubar mana da mutunci ba. Ɗauko waccan fatar."

Na zauna. Nomau ya kwanta a inuwa yana cewa a shaida, da ba don bakinsa ba da yanzu ina kaɗi. Ban tashi daga buzun nan ba sai da aka kira magariba, kuma ko huji ɗaya ba ta yaba ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin daɗin wuni irin na ranar ba.

A nan zarena ya ƙare, na tufke bakinsa. Inda ɗinkin ya miƙe, daga Allah ne. Inda ya karkace, hannuna ne.